Aikin injiniyan tsatsa: amsoshin tambayoyin ɗalibai da iyaye a Kano

Yawancin tambayoyin nan daga ɗaliban injiniya na aji uku da na huɗu suka fito, wasu daga 'yan sakandare masu shirin cike JAMB, kaɗan kuma daga iyaye. Na bar su yadda aka yi su, har da masu zolaya a ciki.

Wai da gaske akwai injiniyan da ba shi da aiki sai tsatsa?

Akwai, kuma ana biyansa da kyau. Duk inda aka zuba dukiya mai nauyi a ƙarfe, ko bututun mai da gas ne, ko tankin ajiya, ko matatar mai, ko jirgin ruwa, ko gada, ko kamfanin taki, akwai wanda aka ɗora wa alhakin sanin inda ƙarfen yake ciwuwa, da saurin da yake yi, da shekarun da suka rage kafin ya huje. Sannan ya faɗi abin da za a yi, da nawa zai ci.

Ga misalin lissafin da zai zame maka ruwan sha. Bututu ne aka sa shi da kaurin milimita 10. Bayan shekara 5 ka ɗora masa na'urar auna kauri, wadda ke aiki da sautin da kunne ba ya ji, ta nuna 9. Ke nan yana rasa milimita 0.2 duk shekara. Idan mafi ƙarancin kaurin da zai iya riƙe matsin abin da ke cikinsa 7 ne, saura shekara 10, in dai yanayi bai canza ba. Lissafin kansa ɗan aji ɗaya zai yi shi. Gwanintar tana wajen sanin daidai gurbin da za ka ɗora na'urar, domin tsatsa ba ta cin bututu bai-ɗaya. Tana son gwiwar bututu, da ƙasan cikinsa inda ruwa ke kwanciya, da gefen walda, da ƙarƙashin rufin da aka naɗe shi da shi don riƙe zafi. Kana iya auna wuri goma lafiya lau, alhali taku ɗaya daga inda ka tsaya akwai rami kamar na allura da ya kusa ɓullewa.

Ƙungiyar masana tsatsa ta ƙasa da ƙasa, NACE, ta fitar da wani nazari a 2016 da ya ƙiyasta cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 2.5 a shekara, wajen kashi 3.4 cikin 100 na abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa, kuma ana iya tsira da kashi 15 zuwa 35 na wannan asara da hanyoyin da aka riga aka sani. A cikin wannan kaso ne abincin injiniyan tsatsa yake.

Me ke haddasa ta tun farko?

Ƙarfe ba a ƙarfensa aka tono shi ba. Tama ce haɗe da iskar oksijin, aka raba su da wuta mai tsanani a tanderu. Tun daga ranar da ya huce yake neman komawa yadda yake, kuma abin da yake jira kawai danshi ne da iska. Da zarar ruwa ya kwanta a jikinsa, wani sashe na ƙarfen sai ya riƙa narkewa yana sakin lantarki, wani sashen yana karɓa, ruwan kuma ya zama hanyar da ke haɗa su. Batir ne ƙarami ya kafu a jikin ƙarfen. Gishiri da tsami da zafi suna ƙara masa gudu. Haka ma haɗa ƙarafa biyu mabambanta, kamar jan ƙarfe da bututun da aka yi wa rufin tutiya: ɗayan zai zauna lafiya, ɗayan ya ciwu da sauri. Wanda ya gane wannan batir ɗin ya gane rabin sana'ar, domin duk dabarun kariya ƙoƙari ne na katse shi ta wani wuri.

Malam, Kano ba teku, ga hunturu ga rani. Ina tsatsar da za a ɗauki mutum aiki a kanta?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ƙofar ƙarfen da za ta shekara ashirin a Gwale ko Hotoro, a bakin teku a Legas ko Bonny ba za ta kai ko kusa ba, saboda iskar can ɗauke take da gishiri da laima dare da rana. A nan kuwa, lokacin hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kuma ƙarfen da ke sarari ba ya ciwuwa sosai sai laima ta haura wajen kashi 60. Damina wata huɗu ce ko biyar, ta wuce.

Amma tsatsar Kano irin ta gara ce, wadda ke cin azara ta ciki fuskarta na nan garau. Tana ƙarƙashin ƙasa, da cikin bututu, da cikin kankare.

Fara da gidajen mai. Daga titin Zariya zuwa titin Haɗeja, daga titin Katsina zuwa titin Maiduguri, kusan kowane gidan mai yana da tankunan ƙarfe binne a ƙasa. Ƙasa ba ta bushewa kamar iska. Ta waje danshi na ci, ta ciki kuma ruwan da ke biyo mai yana taruwa a gindin tanki, musamman na dizal, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna fitar da sinadarin da ke huda ƙarfe. Mai gidan mai ba ya sani sai lissafin litoci ya fara ƙin daidaita, ko maƙwabci ya ce rijiyarsa na warin fetur.

Sai ruwan sha. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa bututu ne ke kai shi cikin gari, wasu layukan sun tsufa ƙwarai. Rijiyoyin burtsatse kuma, inda ruwan ke da ɗan tsami, bututun ƙarfe mai rufin tutiya da ke ɗauko ruwa sama kan ciwu cikin 'yan shekaru, ruwa ya fara fitowa ja, mutanen unguwa su ce rijiyar ta lalace alhali bututun ne aka zaɓa ba daidai ba. Kada a raina wannan fanni. A garin Flint na Amurka, a 2014, an koma ɗebo wa mutane ruwa daga kogin Flint ba tare da an zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalma ta narke ta shiga ruwan shan yara.

Sai masana'antu. Kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da gishiri da farar ƙasa da asid da sinadaran kibrit, duka abokan gabar ƙarfe ne. Kamfanonin mai na gyaɗa da waken suya, da na lemo, da na shinkafa, suna da tukunyar tururi wadda idan ba a gyara ruwan da ake ba ta ba, bututun cikinta kan huje.

Sai kankare. Rodin da ke cikin siminti mai kyau ba ya tsatsa, domin simintin na lulluɓe shi da wata kariya ta sinadari. Amma idan birkila ya matso da rodi dab da fuska, ko aka tsuga ruwa a kwaɓi don a rage siminti, iska da ruwa kan isa gare shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma ninki biyu zuwa sama, sai ta tura kankaren ya tsage ya ɓanɓare. Ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin rufin kankare na tsofaffin benaye a Sabon Gari ko Fagge, za ka ga inda rodi ya leƙo ja wur. Gadojin sama da aka yi a garin nan, ta Ƙofar Nasarawa da ta Dangi da ta Hotoro, duka rodi ne a cikinsu, kuma kowace gada a duniya tana buƙatar mai duba ta lokaci zuwa lokaci.

Wani abin da ba a son faɗa: gindin falwayar ƙarfe da ƙafar gadar masu tafiya a ƙasa, inda jama'a suka mayar wurin tsugunno. Fitsari gishiri ne, kuma daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa yake kwanciya.

Saboda haka tsatsa akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci a Kano shi ne mai biyan kuɗi don a hana ta kafin ta yi ɓarna, kuma zan dawo kan wannan.

Wane kwas zan cike a JAMB?

A ƙasar nan da digirin wani fannin injiniya ake shigowa, ƙwarewar ta biyo baya. Mafi kusa shi ne injiniyan ƙarafa da kayan ƙira, wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in fasaha na tarayya na Minna da Akure. Sai kemikal, sai makanikal. Jami'ar Bayero tana da makanikal da sibil da ilektirikal da sashen kemikal da man fetur. Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil ma tana da tsangayar injiniya. Darussan JAMB su ne Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, karatun kuma shekara 5.

Kowane fanni yana da gurgun ɓangare. Ɗan kemikal ya san sinadarai amma bai cika sanin halin ƙarfe da walda ba. Ɗan makanikal ya san ƙarfe amma yana gudun kemistiri. Ɗan ilektirikal, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ya fi saurin kama aikin kare bututu da lantarki. Duk wanda ka shiga, ka cike gurbin da ya bar maka da kanka. Idan kuwa kemistiri ne ba ka so ko kaɗan, nemi wata sana'ar tun da wuri.

Difloma gare ni daga kwalejin fasaha. Ƙofa a rufe take?

A buɗe take, kuma ta wani fannin ka fi mai digiri sa'a. Yawancin aikin fili, auna kauri da duba fenti da karanta mita a kan layin bututu, masu ND da HND ne ke yin sa, kuma takardun ƙwarewa na matakin farko ba sa tambayar digiri. Hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, na yi wa mai HND rajista a rukunin masu fasahar injiniya. In kana son rukunin injiniya sai ka ƙara karatu. Cibiyar horon man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta ta daɗe tana yaye masu duba walda da gwajin ƙarfe. Wanda ya karanta kemistiri zalla shi ma yana da gurbi, a ɗakin gwaji da wajen kamfanonin da ke sayar da sinadaran hana tsatsa.

Na ji ana cewa ana kare bututu da wutar lantarki. Yaya abin yake?

Wannan shi ne reshen da na fi so ɗan Kano ya sa wa ido. Tunda tsatsa batir ce, kuma ɓangaren da ke sakin lantarki shi ke narkewa, dabarar ita ce a mayar da bututun gaba ɗaya ɓangaren da ke karɓa. Hanya biyu ce. Ta farko, a binne wani ƙarfe da ya fi saurin narkewa, maganiziyam ko tutiya, kusa da bututun, a haɗa su da waya. Shi zai riƙa ciwuwa a madadin bututun, ƙarfen fansa ke nan, idan ya ƙare a sake wani. Masanin kimiyya Humphry Davy ya gwada wannan a jikin jiragen ruwan sojan Ingila tun 1824. Ta biyu, ga dogon layi, a kafa na'urar da ke juya wutar layi ko ta sola ta zama irin ta batir, a riƙa tura ta cikin ƙasa tana shiga bututun.

Idan ka bi hanyar da bututu ya ratsa, za ka riƙa ganin wasu gajerun sanduna masu akwati a ka, jefi-jefi, a gona ko a gefen hanya. Ciki waya ce da aka liƙa a jikin bututun da ke ƙasa. Ma'aikaci ya buɗe akwatin, ya maƙala mitarsa, ya ɗauko wata 'yar kwalba mai sandar jan ƙarfe a cikin shuɗin ruwa, ya kafa bakinta a ƙasa daidai saman bututun. Da rani a ƙasarmu sai ya fara tsiyaya ruwa daga gorarsa a wurin, in ba haka ba busasshiyar ƙasa ba za ta ba shi karatun gaskiya ba. Abin da yake fata ya gani shi ne milibolt 850 a ɓangaren ragi, ko abin da ya ɗara haka. In ya gaza, akwai matsala: ko rufin bututun ya yage, ko na'urar ta mutu, ko an sace waya, ko wani bututun ya taɓa wannan yana shanye masa wuta. Ya rubuta, ya rufe, ya kama hanya zuwa sanda ta gaba, rana na dukansa.

Taɓawar bututu biyu ba ƙaramin abu ba ne. A birnin Gwadalahara na Meziko, ran 22 ga Afrilu 1992, bututun ruwa mai rufin tutiya da aka shimfiɗa yana gogar bututun fetur ya sa duka biyun suka huje, fetur ya malala cikin magudanar ƙarƙashin gari, ya fashe ya tarwatsa tituna na kusan kilomita 8, mutane sama da 200 suka mutu.

Shi kuma duba fenti, ai aikin mai fenti ne, ko?

Je Ƙofar Ruwa ka tsaya wajen masu walda. Za a gama ƙofa ko ƙafar tankin ruwa, yaro ya ɗauko gwangwanin jan fenti da aka tsinka da fetur, ya shafa a kan tsatsa da ƙura da ƙwarƙwashin walda, kafin la'asar an ɗora a kura. Damina biyu, fentin ya fara ɓarewa daga ƙasa. Ba laifin yaron ba ne, kuɗin da aka biya ke nan.

A aikin masana'antu, fenti yawanci ba a gwangwani yake faɗuwa ba, wajen shirya ƙarfen ne. Ana fesa wa ƙarfe tsakuwa ta musamman da iska mai ƙarfi har ya koma fari-fari, matakin da ake kira Sa 2½. Mai duba aiki ya auna kaushin fuskar, ya gwada ko akwai gishiri a kanta, ya auna laimar iska da zafin ƙarfen. Ƙa'ida ita ce zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3, laima kuma kada ta wuce kashi 85. Bayan kowane shafi ya auna kaurinsa, a ƙarshe ya bi jikin bututu da na'urar da ke yin tartsatsi duk inda akwai ƙofar da ido ba ya gani. A Kano da hunturu laima ba ta dame ka, ƙura ce abokiyar faɗanka: a goge ƙarfe da safe, kafin a haɗa fenti ta sake rufe shi. Mai duba fenti yana da ikon ya tsayar da aikin miliyoyi, kuma wannan reshe shi ne ƙofa mafi sauƙin shiga.

Waɗanne takardun ƙwarewa ake nema?

A gida, bayan digiri da hidimar ƙasa, ka shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, sannan rajistar COREN bayan shekara 4 kana aiki. Akwai kuma ƙungiyar masana tsatsa ta Najeriya, NICA, wurin haɗuwa da mutanen sana'ar.

Na waje su ne kamfanonin mai ke dubawa. NACE, wadda aka kafa a Houston a 1943, ta haɗe da ƙungiyar masana fentin kare ƙarfe ta SSPC a 2021 suka zama AMPP, ko da yake har yanzu a bakin ma'aikata NACE ake cewa. Suna da CIP mataki na 1 zuwa na 3 ga masu duba fenti, da CP1 zuwa CP4 ga masu kariyar lantarki. Matakin farko ana shiga ba dogon sharaɗi, na gaba kuwa sai ka nuna shekarun da ka yi a fili. Ingila ma na da nata takardun, na ICorr da BGAS da CSWIP. Ga masu duba kayan matata akwai takardun cibiyar man fetur ta Amurka: API 510 na tukwanen matsi, API 570 na bututu, API 653 na tankunan ajiya. Gwajin ƙarfe ba tare da an lalata shi ba, mataki na 2, shi ma yana buɗe ƙofa.

Kuɗinsu fa? An ce da dala ake biya.

Da dala ne ko fam, kuma yawanci sai ka je Legas ko Fatakwal, ga kuɗin mota ga masauki. Shawarata, kada a sayar da fili ko gona don a tara wa sabon ɗalibi takardu uku alhali bai taɓa riƙe mita a fili ba. Mai ɗaukar aiki tambaya biyu zai yi ya gane. Fara da mai araha, irin gwajin ƙarfe da ake koyarwa a cikin gida, ka samu shiga ko da a matsayin mataimaki ne, ka tara kuɗi ka yi ɗaya babba a reshen da ka riga ka sa ƙafa. Kamfanoni da yawa su ke biya wa ma'aikacin da suka ga zai zauna. Ka yi rajista a shafin NOGIC JQS na hukumar NCDMB mai kula da shigar 'yan ƙasa harkar mai da gas, domin ta nan ake tallata wasu horarwar kyauta. Kuma kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka duba shafin ƙungiyar da kanta ka ga ko cibiyar tana cikin waɗanda ta amince da su. 'Yan damfara sun san matasa na neman waɗannan takardu ido rufe.

Dole sai na bar Kano?

A shekarun farko, kusan dole. Kasuwar wannan sana'a tana inda mai da gas suke: Fatakwal, Warri, Bonny inda kamfanin NLNG yake, Legas inda matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana take, da tashoshin haƙo mai na cikin teku. A can za ka haɗu da tsatsar cikin bututu da iskar kabon da ta kibrit ke haddasawa, ka ga yadda ake tura na'ura ta ratsa cikin bututu tana auna kaurinsa tun daga farko har ƙarshe, ka koyi rataya 'yan ƙarafan gwaji a cikin layi a ciro su bayan watanni a auna nauyin da suka rasa. Kusa da gida akwai matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, da defon NNPC na Hotoro.

Abin da zai iya sauya lissafin shi ne bututun gas na AKK, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Shimfiɗa bututu aikin 'yan shekaru ne, kula da shi kuwa na tsawon rayuwarsa. Kowace sandar gwaji a kan layin sai an samu mai karanta ta, haka rassan da za su shiga unguwannin masana'antu. Wanda ya san aikin, yana jin Hausa, ya san yadda ake sallama a ƙofar dagaci kafin a ratsa gonakin mutane, ya fi wanda za a ɗauko daga nesa a biya masa otal. Amma sai ya zamana ya riga ya koyo aikin kafin a buƙace shi.

Albashin ya kai yadda ake faɗa?

Hawa-hawa ne. Ma'aikacin dindindin a babban kamfanin mai yana sama, kuma guraben kaɗan ne. Yawancin mutane a kamfanonin 'yan kwangila suke, inda ake biya gwargwadon aikin da ke ƙasa: wata uku aljihu cike, wata biyu kana gida kana jiran waya. Mai takardar AMPP ko API da shekaru a fili yakan kai matsayin da ake biyansa kuɗin yini, kuma takardun nan suna ci a Saudiyya da Katar da Daular Larabawa. A masana'antun Kano ba a cika ɗaukar mutum da sunan injiniyan tsatsa ba. Injiniyan gyara za a kira ka, tsatsa na cikin kayan da aka ɗora maka.

'Yata ce ke son wannan fanni. Ya dace da 'ya mace?

Baba, ya dace, kuma akwai mata a cikinsa. Sana'ar na da rassa da ba sa buƙatar yawon daji: ɗakin gwaji, zaɓen irin ƙarfen da za a yi aiki da shi tun a zane, nazarin bayanan da ma'aikatan fili suka kawo, tsara jadawalin duba kayan aiki, koyarwa a jami'a. Sai dai ko mai zaman ofis tana buƙatar ta ɗan taka fili a farko, don ta san yadda lambobin da ke gabanta suka samu. Abin da ya kamata ku tattauna a gida tun yanzu shi ne tafiye-tafiyen shekarun farko da inda za ta zauna, kuma a faɗa wa duk mai neman aurenta gaskiyar yanayin aikin. Kayan kariya ba sa hana sutura. Ana dai so mayafi ya zama mai shiga cikin rigar aiki, wanda inji ba zai kama ba.

Akwai haɗari?

Akwai. Shiga cikin tanki, hawa sama, ƙurar fesa tsakuwa, tururin fenti, da iskar kibrit mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ke daina jin ta kafin ta kayar da mutum. Ba a shiga tanki sai da takardar izini, an auna iskar ciki, ga mai tsaro a bakin ƙofa. Duk ogan da ya ce ka leƙa minti biyu kawai ba tare da waɗannan ba, ka ƙi, ko da zai kore ka. Mai zuwa teku kuma sai ya yi horon BOSIET, wanda ya haɗa da koyon fita daga jirgi mai saukar ungulu a cikin ruwa. Ɗan Kanon da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, gara ya fara saba wa kansa tun yanzu.

Furojet ɗina na ƙarshe nake so ya zama kan tsatsa. Me zan ɗauka?

Kusan kowa abu ɗaya yake yi: a tatso ruwan ganyen darbejiya ko zogale ko bagaruwa, a jiƙa guntun ƙarfe a asid, a auna nauyi, a rubuta cewa ganyen ya rage tsatsa. Za ka koyi awo da shi, ban hana ba, amma an yi shi har ya gundura, kuma a wajen ganawar neman aiki ba ya ɗaga girar kowa. Da ni ne, matsalar garin nan zan ɗauka. Auna yadda ƙasar unguwanni daban-daban ke bari lantarki ya ratsa ta, da sanduna huɗu da ake kafawa a jere, ka kwatanta ta fadama da ta tudu, da rani da damina. Ko ka ɗebo ruwan burtsatse daga wurare da dama ka gwada yadda kowanne ke cin bututu. Ko ka nemi izinin wani gidan mai da ke tono tsohon tanki, ka auna ramukan jikinsa ka zana taswirar inda suka fi yawa. Mai irin wannan aiki yana da labarin da zai bayar na rabin awa ba tare da ya duba takarda ba.

Digiri na biyu a waje ya zama dole?

A'a. Yana da amfani ga mai son bincike ko koyarwa ko babban matsayi a zane. Jami'ar Manchester ta daɗe da suna a wannan fanni, Leeds ma haka, asusun PTDF kuma na ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku a fannonin mai da gas. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a fili kafin ya tafi ya fi cin moriyarsa.

Mene ne mafi wuya a aikin?

Shawo kan mai kuɗi. Kana roƙon a kashe kuɗi yau saboda abin da ba zai faru ba sai bayan shekara bakwai, kuma in ka yi nasara ba abin da za a gani. Na taɓa tsayawa a kan wani tanki a wata masana'anta ina bayanin cewa gindinsa ya yi siriri, manajan ya ƙwanƙwasa jikinsa da makullin mota ya ce, "Injiniya, ka ji ƙarar? Wannan zai binne ni da kai." Da irinsu ba a yin maganar milimita. Sai ka zauna ka fitar masa da kuɗin gyara a gefe guda, a ɗaya gefen kuɗin kayan da za su zube, da kwanakin da injinan za su tsaya, da albashin da zai biya ba a aiki. Saboda haka ka koyi rubuta rahoto gajere da Turanci mai tsabta, ka koyi Excel sosai, ka kuma koyi faɗin abin da Hausa yadda Alhaji zai gane ba tare da ya ji an raina shi ba. Wani lokacin kuma matsin daga ɗan kwangila yake zuwa, yana so ka sa hannu a kan fentin da ka san bai yi ba, da ambulan a aljihunsa. Sa hannun naka ne zai zauna a fayil bayan shi ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ina aji uku yanzu. Da me zan fara?

Da wurin da za ka yi SIWES na wata 6 a aji huɗu. Fara nema tun bana, kuma ka nemi inda za a ba ka na'ura a hannu: sashen gyara na masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, matatar ruwa, defon mai, kamfanin da ke duba walda, ko 'yan kwangilar bututu. Ofishin da za ka zauna kana cike littafi da abin da ba ka yi ba, ko kusa da gida yake, ka bar shi. A aji, ka riƙe darasin kayan ƙira da na kemistirin lantarki da kyau. Ka nemi ƙa'idar ISO 12944 ta fenti ka karanta yadda ta rarraba muhalli daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, ka gwada sanya Kano da Legas kowacce a rukuninta. AMPP na da rajistar ɗalibai, ka duba. Ranar Asabar kuma ka je wajen mai walda a unguwarku ka roƙe shi ya koya maka riƙe ilaktarod, domin nan gaba kai za a kira ka ce waldar wani ta yi ko ba ta yi ba.